Hulunan Mutane a Shagon Baba

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Na je shagon Baba yau. Ban yi niyya ba. An tashe mu da wuri a makarantar da nake koyarwa saboda zafi, sai na ce bari in biya in ga yadda ƙanena Tahir yake fama. Tun da aka yi wa Baba aikin ido, likita ya hana shi rana da ƙura da sunkuyo, wato duk abin da wankin hula ya ƙunsa. Shi ne shagon ya koma hannun Tahir, wanda ya gama difloma shekara biyu ke nan yana jiran aiki.

Na tarar da shago a rufe. Ina da makulli na biyu, na buɗe.

Kawunan katakon da ake kifa hula a kai ta bushe suna nan a jere, tsirara. Babbar Sallah saura mako uku, lokacin da a da ko wurin aje ƙafa ba a samu a nan. Ƙananan huluna suna kan kanta, na zuwa kasuwa da na yara. Layin sama kuwa, inda Baba ke jera manya, zanna da 'yar Bama da damanga, babu komai sai ledojinsu, an ninke su tsaf an ɗora dutse a kai. Tahir akwai tsafta, wannan ba a ƙwace masa ba.

Na rufe, na dawo gida, na ɗiga wa Baba magani a ido. Ya ce, "Siddiƙa, yaya shago?" Na ce, "Kalewa, Baba, lafiya lau." Ya ce madalla.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Tahir bai kwana a gida ba. Baba ya ɗauka a shago ya kwana saboda aiki ya yi yawa. Har albarka ya sa masa.

Alhamis, 15 ga Mayu, azahar

Rhoda mai POS, wadda rumfarta ke kallon shagonmu, ita ta kira ni da hannu. Tare muka yi firamare a nan Gomari. Ta ce, "Ya Siddiƙa, ni fa na ɗauka kin sani." Na ce me? Ta ce kusan kullum Tahir yana kawo mata kuɗi ta tura, kuma kowace rana sunan asusun daban. Yau na mace, gobe na wani kamfanin da bakinta ba ya iya faɗa. Ta yi masa magana sau biyu, ya ce mata ita ba ta san harkar zamani ba.

Na san wasan. Ya nuna min a watan jiya. Kifaye ne ke yawo a fuskar waya, masu launi kala-kala, kana harbinsu da yatsa, kowane kifi da kuɗinsa. Sai ka zuba kuɗi a ba ka harsashi. A makon farko ya zuba kaɗan ya ciro ninki, da gaske, kuɗi a hannu. Ya sayo wa Baba baƙin tabarau mai kyau, ya sayo gasasshiyar kaza. Baba ya tambaya, ya ce aikin intanet ya samu. Ni na san ba aiki ba ne, amma cinya aka ba ni, na cinye.

Na ce wa Rhoda na gode. Ta ce in zauna in sha ruwa, fuskata ba ta yi mata ba. Na ce ba komai. Kuma gaskiya na faɗa, ban ji komai ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan magariba

Tahir ya kira. Yana Khaddamari, gidan Ya Gumsu, ƙanwar marigayiya mahaifiyarmu. Na fita ƙofar gida na ɗauka.

Ya ce, "Ya Siddiƙa, kafin ki ce komai, ba sayarwa na yi ba. Ajiya na kai wurin wani dillali a Kasuwar Monday, ya ba ni kuɗi. Ina cire nawa zan karɓo su, kafin Sallah kowa ya sa hularsa."

Na ce wane naka?

Ya ce ya kashe babban kifin, na zinariya, wanda ba kowa ke samu ba. Miliyan biyu da wani abu suna cikin asusunsa na wasan. Da ya zo cirewa, Manaja ya ce sai ya biya haraji. Ya biya. Aka ce kuɗin tantancewa. Ya biya. Aka ce matakinsa bai kai na cire miliyan ba, sai ya hau na gaba. Yana faɗa min haka da murya irin ta mai karanta darasi. Na ce wane ne Manaja? Ya ce mutumin kirki ne, kullum sai ya tambaye shi jikin Baba.

Bari in rubuta wannan don kaina. Baba ya fi shekara talatin yana wankin hula, bai taɓa ba kowa takarda ba, bai taɓa rubuta suna ba. Mutum zai cire hula a bakin shago ya miƙa ya wuce, wani ma daga kan keke zai jefo ta. Baba ya san ta kowa. An sha ce masa ya riƙa yanka rasit, sai ya ce takarda ta waɗanda ba su san juna ba ce. Saboda haka yau babu mai shaidar da zai kai mu ƙara ko'ina. Da akwai takardar, da na fi samun barci.

Na ɗiga wa Baba magani.

Asabar, 17 ga Mayu, hantsi

Na yi wanki. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Ba wuta.

Litinin, 19 ga Mayu, la'asar

Na sami dillalin. Dattijo ne mai carbi, bai ɓoye min komai ba. Ya ce yaron ya ce kwana bakwai, ya jira goma. Sallah ta ƙarato, 'yan Kano da 'yan Chadi suna ta sari, shi kuma ba gidan ajiya ya buɗe ba. Ya zaro abin da ya rage, 'yan kaɗan, ya faɗi kuɗinsu. Na ce ai ba haka ka ba shi ba. Ya ce, "Malama, wancan kuɗin mai sauri ne, wannan kuɗin mai nema ne."

Na kwashe abin da nake tarawa tun bara na karɓo su. A cikin keke na rungume ledar kamar mai ɗauke da ƙwai. Ko rabin rabin layin sama ba su cika ba.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan isha'i

Yanzu daga makaranta shago nake wucewa. Na ce wa Baba Tahir ya tafi Khaddamari duba Ya Gumsu da ba ta jin daɗi, ni nake riƙe masa. Ƙananan hulunan ina wankewa, tun ina yarinya na iya buroshi da sitaci.

Masu manyan sun fara zuwa. Yau na kalli wani dattijo da ya girmi Baba, a Maiduguri, a watan Mayu, ranar da in ka shanya zane kafin ka juya ya bushe, na ce masa hularsa ba ta bushe ba. Ya dubi rana, ya dube ni, ya ce to, Allah ya busar.

Alhamis, 22 ga Mayu, la'asar

Babagana ya biyo. Mai keke ne, ɗan Bama, yana yaro suka gudo shi da mahaifiyarsa lokacin tashin hankali. A nan unguwar ta kama ɗaki, da ɗinkin hula ta ciyar da shi har ya girma. Duk abin da ta ɗinka na sayarwa ne, sai guda ɗaya, ta ƙarshe, ruwan toka da ratsin shuɗi, wadda ta yi masa tana jinya. Ba ya sa ta sai Sallah. Kowace shekara yana kawo wa Baba, Baba kuma ba ya barin kowa ya taɓa ta.

Ya ce, "Wushe, Malama. Yaya idon Ba Umara?" Haka ake kiran Baba a unguwa. Na ce da sauƙi. Ya ce shi ba sauri yake ba, ranar Arfa zai zo ya karɓa, ta fi tsaro a nan da ɗakinsa mai ɓeraye.

Bayan ya tafi na zazzage waɗanda na karɓo daga kasuwa, ɗaya bayan ɗaya, alhali na san abin da ke ciki. Na mayar.

Asabar, 24 ga Mayu, azahar

Tahir ya turo hoton asusunsa na wasan. Ga kuɗin nan da manyan lambobi, ga kifin zinariya yana murmushi a gefe. Manaja ya ce saura biya ɗaya, na ƙarshe, kuɗin buɗe hanya, daga nan sai cirewa. Tahir ya ce wani a guruf ɗinsu ya biya jiya, yau ya sayi babur, har hoto ya sa.

Lissafi nake koyarwa. Da ɗalibina ne ya kawo min wannan da na ja masa jan biro. Duk da haka na daɗe ina kallon lambobin, ina raba su da kuɗin hula. Suna isa, har da saura.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Na biya wurin masu gwal, daga nan na wuce rumfar Rhoda. Na miƙa mata kuɗin ta tura wa Manaja, ta ƙi karɓa. Ta ce, "Ya Siddiƙa, ke ma? Don girman Allah ki tafi gida." Na ce ki tura. Ta ce wanda ya faɗa rijiya ba a bin sa da tsalle, igiya ake nema. Na ce ki tura, ko in je wurin wani. Ta tura, ba ta karɓi ladanta ba.

Na ja ɗankwali ya rufe kunnuwana. 'Yan kunnen da na sayar na Mama ne, ita ta bar min. Baba ba ya gani sosai tukuna.

Talata, 27 ga Mayu, da safe

An ce awa ashirin da huɗu.

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

An ce cunkoso ne, masu cirewa sun yi yawa saboda Sallah.

Alhamis, 29 ga Mayu, magariba

Manaja ya ce kuɗin sun shiga, amma daga asusun da ba sunan Tahir ba, kuma wannan ya saɓa dokar wasa. Akwai tara. In an biya tarar, komai zai fito gaba ɗaya.

Na yi dariya har Baba ya tambaya daga ɗaki ko lafiya. Na ce wani abu na gani a waya.

Da safe mun koma asibiti. Likita ya ce idon ya yi kyau, Baba zai iya zuwa Idi in ya sa tabarau, amma a kiyaye masa ɓacin rai saboda jininsa yana hawa. A hanya Baba yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ashe haka kika rame? Da na sani da ban gyara idon ba." Na yi murmushi, don abin da ake yi ke nan.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Khaddamari. Ya Gumsu ta nuna min Tahir da haɓa. Yana can bakin wata gona ƙarƙashin dogonyaro, wurin da sabis ke kamawa. Ta ce tun safe yake fita, abinci sai an bi shi da shi. Ta ce, "Ni ban gane ba, 'yata. Ba ya sha, ba ya busa, salla a kan lokaci. Wannan wace irin cuta ce?"

A mota na shirya maganganu da yawa. Da na isa na ga wuyansa ya yi tsawo, rigarsa ta yi masa yawa, sai duk suka tafi. Na zauna kusa da shi. Yatsansa yana ta buga fuskar waya, kifaye suna wucewa, ba harsashi, bugawa kawai yake.

Na ce, "Tahir, babu kuɗin nan."

Ya ce, "Ga su kina gani."

Na ce zane ne.

Ya ce, "Ya Siddiƙa, idan babu su, to me na yi ke nan?"

Na ce ya zo mu tafi gida, ya ce ba zai shiga gaban Baba hannu rabbana ba, ranar Litinin za a rage tarar. Na bar masa ƙosan da na sayo a tasha. A hanyar dawowa hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan isha'i

Na karɓi albashin wata mai zuwa tun yanzu, Rhoda ta ƙara min da nata. Na shiga kasuwa neman masu kama. Hular da na tuna zanenta, na sayi 'yar'uwarta.

Wani Alhaji ya karɓi tasa ko buɗewa bai yi ba, hulunansa sun yi yawa. Wani ya gane nan take, ya fara ɗaga murya a bakin shago. Na durƙusa na gaya masa gaskiya, na roƙe shi kada ta kai kunnen Baba sai jininsa ya sauka. Ya yi tsaki ya ce saboda Ba Umara kawai. Sauran na ce musu bayan Sallah. Kowa ya tafi da abin da ya fahimta.

Saboda hular Babagana na koma wurin dillali musamman. Ya tuna ta. Ya ce ita ta fara tafiya, wani ɗan Chadi ya ɗauka bai ko taya ba, irin wannan hannun ba a samunsa yanzu. Bai san sunansa ba.

Laraba, 4 ga Yuni, azahar

Na samu wata hula ruwan toka da ratsin shuɗi a rumfa ta can ciki. Sabuwa ce fil. Na wanke ta, na shanya, na sake wankewa, na goge bakin da buroshi har ya ɗan yi laushi, don ta yi kama da wadda aka daɗe ana sawa. Na yi mata sitaci, na kifa a kan katako, na buga, na sa a leda. Aikin ya yi kyau. Rhoda tana kallona daga rumfarta.

Na ɗiga wa Baba magani. Ya ce gobe a wanke masa babbar rigarsa.

Alhamis, 5 ga Yuni, ranar Arfa, la'asar

Babagana ya zo da azumi a bakinsa, leɓɓansa sun bushe. Na miƙa masa. Ya zaro ta daga leda, ya juya ta, ya leƙa cikinta. Ya daɗe yana kallon cikin. Ban san abin da ke cikin waccan ba, ban taɓa dubawa ba, waje kawai na sani. Ya shafa bakin da babban yatsa, ya mayar da ita leda a hankali.

Ya ciro kuɗin wanki. Na ce ya bari. Ya ce, "A'a Malama, ai an yi wanki." Ya aje a kan kanta.

Ya kai bakin kekensa ya juyo. Ya ce, "Ki gaida Ba Umara. Mai ciwon ido ba a kai masa labarin da zai sa shi hawaye." Ya tayar da keke ya tafi.

Na tsaya ina jira in ji wani abu. Kunya ce ta zo, ita kaɗai, ta zauna.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, hantsi

Baba ya tafi Idi da maƙwabcinmu Malam Hashim. Ya fita da babbar riga da tabarau da zannarsa, yana ta tsokanar yara a ƙofar gida. Na ɗora tukunya, na wasa wuƙaƙe, na ba rago ruwa.

Da ya dawo ban ji sallamarsa ba, sai ganinsa na yi a tsakar gida, hularsa a hannu. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a waje ba. Furfurar ta fi yadda nake zato.

Ya zauna a tabarma. Ya ce, "Na ga Babagana a sahu na gaba da ni. Kowa da hula, shi kansa a buɗe. Da aka sallame na kira shi. Ya ce wai zafi ne ya dame shi, hular tana gida." Ya cire tabarau ya aje. "Shekara nawa yaron nan yana zuwa Idi da hannun uwarsa a ka, ko ana ruwan wuta. Yau ya tsaya a gaban jama'a ya yi min ƙarya don ya rufa min asiri. Siddiƙa, ina Tahir?"

Na gaya masa. Duka, har da kifin, har da kunnuwana. Ina magana ina kallon jijiyar wuyansa saboda abin da likita ya ce. Bai yi faɗa ba, bai yi hawaye ba. Ya tambayi sunayen mutanen, na fara lissafowa, ya riƙa ƙarasa min da launin hular kowa.

Ya ce Malam Hashim ya yanka mana ragon, a sayar da abin da za a iya sayarwa bayan Sallah, a aika wa Tahir ya dawo, gida bai kore shi ba. Sannan ya miƙe ya ce in zo in raka shi, gida gida za mu bi, da na Babagana za mu fara. Na ce Baba, yau Sallah, gidajen cike suke da baƙi. Ya ce ai shi ya sa, a gaban mutane aka ba shi, a gaban mutane zai faɗa.

Ya kai zaure na ga ya bar hularsa a kan tabarma. Na ɗauka na bi shi da ita. Na ce Baba, rana.

Ya ce, "Aje ta. Sai ta kowa ta koma kan mai ita."

Na ce ta Babagana ta tafi Chadi, Baba, ba a san wanda ya saya ba. Ba za ta dawo ba.

Ya ce, "Na ji ki tun ɗazu."

Ya fita. Na mayar da ita ɗaki, na sa mayafi, na bi bayansa.